Kyankyasan da Ba Sa Hawa Kwalba

Kokand, watan Nuwamba

Mirzohid-jon,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka a wannan ƙasar ƙanƙara. Na haɗu da mahaifiyarka a wani biki a Rishton cikin kaka, tana nan ƙalau sai ciwon gwiwa. Ita ta ba ni adireshinka, ta ce inda kuke haƙar gas waya ba ta shiga, takarda ma sai motar abinci ta je. Kakarka da mahaifiyata 'ya'yan wa da ƙani ne, dangantakar ta yi nisa, amma zaman da ka yi a gidan nan kana karatu ya sa ba na jin nauyin kawo maka kukana.

Maigidana Nurmat-aka yana kwance yadda ka bar shi, ɓarin dama bai dawo ba, maganarsa ni kaɗai ke ganewa. Cikin 'ya'yana, Mavluda tana Tashkent da mijinta. Dilbar tana Namangan, ta kusa haihuwa. Autata Oydin ce ba lafiya. Tun lokacin zafi take jin jiri a gaban ɗalibanta, muna cewa gajiya ce, har ranar da ta faɗi a aji. Likitoci sun ce sankarar jini ce. Tana asibiti a Tashkent, Mavluda ke jinyarta, ni ba ni da wanda zan bar wa mahaifinsu. Duk Juma'a da yamma nakan je gidan maƙwabta inda waya take, ta kira ni. Sun ce idan jikin ya karɓi magani za su bar ta ta zo gida hutun sabuwar shekara.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ka tuna tsakar nan mai ɗigo-ɗigo da ka kawo mata daga kasuwar tsuntsaye? Yanzu uku ne a akwatin gilashi. Akwai Asal, akwai Anor, sai wata 'yar ƙarama da ba ta kai ga raɗa mata suna ba, ni dai autarsu nake ce mata. Ranar da za a tafi da Oydin, tana zaune a mota ta riƙe min hannu.

Ta ce, "Ona-jon, ku rantse min zan dawo in same su da rai."

Na ce, "Ni ba na rantsuwa a kan ƙadangaru."

"Ba ƙadangaru ba ne, tsaka ce."

"Ai wannan ya fi muni."

Ta yi dariya har ta yi tari, amma ba ta saki hannuna ba sai da na yi alkawari.

Ta bar min bahon roba cike da kyankyasan da take kiwo don su. Na bar shi a baranda saboda ba na son ganinsa. Da aka ɗauke gas cikin sanyin farko, na wayi gari duk sun sandare, ko ɗaya ba ya motsi. Su tsakan na kawo su ɗaki, na ajiye akwatin a gefen sandal, gajeren teburin nan mai bargo da garwashi a ƙarƙashi da ke ɗumama mu, na ja musu bargon. Na gwada musu nama, na gwada ƙwai, ko kallo ba su yi ba. Jelar ƙaramar ta fara sirancewa.

Ban gaya wa Oydin ba. Duk kiran da za ta yi, kafin ta tambayi mahaifinta sai ta tambaye su. Mavluda ta ce hotonsu ne a bangon gadonta. Kai ka koya mata wannan kiwo, ka gaya min wane irin kyankyaso suke ci, yaya zan gane shi, a ina zan same shi cikin wannan sanyi. Ni a idona duk kyankyaso ɗaya ne, abin takawa da silifa.

Nurmat-aka yana gaishe ka, na ga ya ɗaga hannun hagu da na ambaci sunanka.

Taka,
Sanobar


Sansanin aiki, arewacin Urengoy, watan Disamba

Sanobar-hola,

Wa'alaikumus salam. Ina gaishe ku da girmamawa, ina gaida Nurmat-aka, Allah ya ba shi sauƙi. Ni lafiyata ƙalau. A nan rana ta daina fitowa, sai wani ɗan haske da hantsi kamar an kunna ashana a bayan labule, sai duhu ya dawo. Takardarku ta yi kusan wata a hanya. Na karanta ta a tsaye a bakin motar abinci, sai da direban ya taɓa ni ya ce in shiga ciki kafin yatsuna su mutu.

Ban san auta ba ta da lafiya ba. Takardarta ta ƙarshe da ta zo min, labarin ɗalibanta ne kawai da na Anor da ya ciji yatsanta. Ku gaya mata farkon sabuwar shekara zan shiga gari sabunta takardun aiki, can akwai waya, zan kira ta. Ta ajiye wayarta kusa.

Yanzu maganar abincin tsaka. Ku yi haƙuri, zan yi muku karatu kamar malami, ku da kuka sha jan kunnena a kan karatu.

Kyankyason da take kiwo namu ne na gida, na ƙasarmu, wanda ke zama a gindin katangar ƙasa da ƙarƙashin taki. Masu kiwo a nan Rasha da kuɗi suke saye, suna kiransa ɗan Turkistan, ni kuwa ina dariya a raina. Namiji da mace ba su kama da juna. Namijin ja-ja ne, launin bawon albasa, siriri, fukafukansa dogaye sun wuce jikinsa, gefensu da farin zare. Macen ta fi shi faɗi, baƙa-baƙa ce, fukafukanta guntaye kamar an yanke, kowane ɓari da ɗan farin layi a kafaɗa. 'Ya'yan kuwa gabansu ja, bayansu baƙi. Gudu gare su kamar sun saci wani abu.

Akwai biyu da za su ruɗe ku. Ɗaya baƙi ne wuluk mai ƙyalli, ba shi da fari ko kaɗan, ga wari, yana tafiya a hankali. Na magudanar ruwa ne, ku bar shi. Ɗayan ƙarami ne, ja shi ma, na ɗakin girki, wanda ya addabi gidajen bene. Shi yana da layi biyu baƙaƙe a bayan kai. Kada ku kuskura ku ba su shi, domin duk inda yake mutane sun sa masa guba, yana yawo da ita a jikinsa.

Idan ido ya gaza, ga gwaji mai sauƙi. Ku zuba su a busasshiyar kwalba ku jira. Waɗanda suka hau jikin gilashin har baki ba su ba ne. Namu ƙafarsa ba ta kama gilashi, zamewa yake yi ya faɗo.

Cikin sanyi suna neman ɗumi. Ku je wurin mai gasa burodin unguwa, ku roƙe shi ya bari a ɗaga tubalin da ke gindin tanderu. Ku tambaye shi tukuna ko ya taɓa sa magani. Waɗanda kuka samu kada ku ba su nan take, ku riƙe su mako biyu kuna ba su karas da tuffa, cikinsu ya wanke. Ku sa musu kwalin ƙwai su ɓuya, bahon ya zauna kusa da sandal. Na san abin da za ku ce, kyankyaso a ɗakin barci, amma ba sa iya fita. In za ku bayar, ku zaɓi wanda bai fi faɗin tsakanin idanun tsakar ba, ku barbaɗa masa garin ɓawon ƙwai.

Manyan biyu za su iya jure yunwa, kitsensu a jela yake. Ƙaramar ce abin ji.

Hola, ku rubuto min halin da auta take ciki, ko layi biyu ne. Kada ku ɓoye min komai.

Ɗanku,
Mirzohid


Kokand, ƙarshen Disamba

Mirzohid-jon,

Gaisuwa. Nurmat-aka yana nan yadda yake. Mai kai saƙon nan yana tsaye a ƙofa, motarsu za ta tashi, ba zan iya tsawaitawa ba.

Mun rasa auta ranar Talata. Tun da sanyi ya tsananta take ramewa. Da na samu ta ci abinci har na yi murna, kashegari sai jikinta ya ɗauki rawa, kafin azahar ta tafi a hannuna. Ni na ba ta abin da ya ƙarasa ta, ban sani ba. Manyan biyun suna nan da ransu, amma ba sa cin komai.

Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Zan rubuto maka sauran idan hankalina ya dawo.

Sanobar


Sansanin aiki, watan Janairu

Sanobar-hola,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Oydin, ya sa ciwon da ta sha ya zama kaffara, ya ba ku haƙuri, ku da Nurmat-aka da Mavluda-opa da Dilbar-opa. Ku lallashe su su ci abinci, musamman Dilbar-opa da ke ɗauke da juna biyu. Ni ina nan, lafiyar jiki dai akwai.

Takardarku ta iso ana gobe zan shiga gari. Na gode wa Allah da suka bar ta ta zo gida, ta cika a hannunku ba a hannun baƙi ba. Kuma ina roƙonku, kada ku sake cewa ku kuka ƙarasa ta. Uwa tana ba ɗanta abin da take ganin zai tashe shi. Wa'adi ne ya cika.

Na shiga garin kamar yadda na tsara, domin takardun ba sa jira. Da na kunna waya lambarta ce a sama. Na zauna a kan benci a ofishin 'yan ci-rani ina kallonta har aka kira sunana. Na so in buga, ko ƙarar shigar kiran ce in ji, sai na ji tsoron wani zai ɗauka, na kuma ji tsoron babu mai ɗauka. Na kashe wayar na mayar aljihu. Ba ni da lambar maƙwabtanku, mahaifiyata kuma kun san ba ta da waya. Haka na dawo ban yi magana da kowa ba.

Ranar Alhamis na dafa mata osh, dafa-dukan nan tamu, sadaka a sansani. Na sayi shinkafa da karas a gari, naman rago bai samu ba sai na barewar nan tasu ta ƙanƙara. Wani dattijo ɗan Hujand da muke aiki tare ya yi karatu, mutum goma sha suka shafa fatiha. Wani ɗan Rasha mai walda ya tambaye ni wa ya rasu, ƙanwata ce? Na buɗe baki na rasa me zan kira ta.

Hola, akwai maganar da na yi niyyar ta zo muku ta bakin mahaifiyata, yanzu ba ta da amfani, amma ba na so ta ruɓe a cikina. Abin da ya kawo ni wannan duhun ke nan. Na so in gama ginin ɗaki biyu a Rishton, in na dawo lokacin zafi in turo mahaifiyata gidanku da burodi a ƙunshe, a karya shi da sunana da na Oydin kamar yadda ake yin baiko. Ban taɓa gaya mata ba. Duk takardun da na rubuta mata na tsaka ne da kyankyaso da zafin da ya kamata akwati ya yi. Ina ganin akwai lokaci.

Tsakan nan, idan ganinsu yana ƙara muku ciwo, ku ba wani daga malaman makarantarsu. Babu wanda zai ga laifinku.

Ku gaya min a wace maƙabarta take.

Ɗanku,
Mirzohid


Kokand, farkon Fabrairu

Mirzohid-jon, ɗana,

Oydin tana da rai. Ka sake karanta wannan layin kafin ka wuce. Tana asibiti a Tashkent, na yi magana da ita Juma'ar da ta wuce.

Yanzu gaisuwa. Muna nan, Dilbar ta sauka lafiya, namiji ne. Takardarka ta zo jiya, na karanta rabi sai na zauna a dandaryar ƙasa. Ƙaramar tsakar ce ta mutu, ita nake nufi. Manyan biyun Asal da Anor ne. Na kwana biyu ina ce mata auta a ɗakin nan ni kaɗai, har na manta cewa a bakinka auta ɗaya ce. Ka yafe min. Na sa ka yi makokin mai rai a ƙasar da ba ka da kowa.

Ga yadda aka yi. Takardarka ta Disamba ta jiƙe a hanya, tawadar ta narke a kan ninki. Wurin gwajin kwalba abin da ya rage shi ne "waɗanda suka hau jikin gilashin har baki", sai tabo, sai wata kalma da na ɗauka "su ne". Layin da ke ƙasa ya tafi gaba ɗaya. Sauran na karanta cikin sauri, abin da ya zauna min a kai shi ne ja. Mai gasa burodi kuma ya tafi jinyar ɗan'uwansa ya rufe shago. Sai Tursunoy, ƙawata da ke zaune a bene, ta ce ai jajayen kyankyasai sun hana ta sakat, ta cika min kwalba. Na ga suna hawa har murfi, na ce alhamdulillahi. Mako biyun da ka ce in jira ban jira ba, ƙaramar ta zama fata da ƙashi. Manyan sun kau da kai, ita kaɗai ta ci. Daga baya Tursunoy ta ce ta zana allin guba a bayan kabad tun kaka, ta manta.

Ba su bar Oydin ta zo gida ba, jininta ya yi ƙasa. Na yi Juma'a biyu ina cewa lafiyarsu ƙalau, a ta uku muryata ta tona ni. Ba ta yi faɗa ba.

Ta ce, "Akwai layi biyu baƙaƙe a bayan kansu?"

Na ce, "Akwai."

Can ta ce, "Ba komai, Ona-jon. Ita dama tun ƙyanƙyasarta ba ta da ƙarfi. Ku kula min da sauran." Sai ta ce, "Mirzohid-aka bai kira ba."

Na ce wataƙila hanya ce ta toshe. Mavluda ta gaya min makon farko na shekara ko banɗaki za ta shiga da wayar take tafiya, tana jan ƙarfen ƙarin ruwa da ɗayan hannun. Bayan nan ta daina tambaya.

Mai burodi ya dawo. Da na gaya masa abin da nake nema ya kalle ni ya ce, "Opa, shekara nawa kina sayen burodina, yau kuma kyankyasaina kike so?" Amma ya ɗaga tubalin da kansa, ya rantse bai taɓa sa magani kusa da tanderu ba. Wannan karon na sa tabarau na duba su ɗaya-ɗaya a hasken taga. Masu dogon fiffike launin bawon albasa, masu faɗi da farin layi a kafaɗa, da 'ya'ya masu launi biyu. Oydin ta maimaita min gwajin a waya, na zuba su a kwalba, suna ta zamewa. Akwai wasu baƙaƙe guda uku da ban yarda da su ba, na ware su. Sauran suna cin karas a gefen sandal.

Ba zan ɓoye maka ba tunda ka roƙa. Maganin bai kama ba, sun fara wani. Mavluda tana fita waje kafin ta ba ni amsa idan na tambaya. Ka nemi waya ko ta wace hanya. Maganar burodi ban gaya mata ba, daga bakinka ya kamata ta ji.

Taka,
Sanobar


Urengoy, ƙarshen Fabrairu

Sanobar-hola,

Ina gaishe ku, ina gaida Nurmat-aka, ina taya ku murnar jika, Allah ya raya shi. Lafiyata ƙalau. Daga gari nake rubuto muku, a gidan waya.

Babu abin yafewa tsakaninmu. Da na karanta layinku na farko sai na fita waje ba hula, dattijon nan ɗan Hujand ya biyo ni da ita yana tambaya ko wani ya sake rasuwa. Na ce a'a, wadda muka yi wa fatiha ce ta dawo. Shugaban aiki ya ce ba ranar fitata ba ce, na ce to ya rubuta duk abin da zai rubuta. Na bi motar mai da ke komawa gari.

Mavluda-opa ce ta ɗauka. Ta ce Oydin tana barci, sai na ji murya daga nesa tana cewa a ba ta. Muryar ta yi ƙanƙanta, Hola, sai da na toshe ɗayan kunnen.

Ta ce, "Sabuwar shekarar ku ta can a Fabrairu take zuwa?"

Na gaya mata duk abin da ya faru. Na yi zaton za ta yi kuka, sai na ji tana dariya a hankali, irin ta wanda dariya ke yi wa ciwo.

"Har da osh?"

"Har da osh."

"Ya yi daɗi kuwa?"

"Shinkafar ta ɗan caɓe."

"Ka ga, ko a makokina ba ka iya dafa shinkafa ba. Mutum nawa suka zo?"

"Goma sha."

"Ba laifi. Ban san ina da jama'a a Rasha ba."

Daga nan na yi maganar burodi. Na shirya kalmomi a mota duk tsawon hanya, da lokacin ya zo ko ɗaya ban tuna ba, na dai faɗa yadda ta fito.

Ta ce, "Na sani tun ranar da ka shigo da kwalin takalmi. Wa ke kawo wa mace tsaka in ba wanda ya rasa abin faɗa ba?"

Na ce, "To me kika ce?"

"Ka bari gashina ya fito tukuna. Ba zan zauna gaban mahaifiyarka da kai kamar kankana ba."

"Ko babu gashi."

"Na ji. Ka gama ɗakin. Ka yi masa taga babba ta gabas, akwatin yana son haske amma ban da rana kai tsaye."

Sai ta ce ta gaji. Mavluda-opa ta karɓa, ta fita waje, ta gaya min abin da likitoci suka ce. Kun riga kun sani ko da ba a faɗa muku ba. Na nemi a sallame ni, sun ce sai wanda zai canje ni ya iso, tsakiyar Maris. Zan sauka Tashkent kai tsaye. Hola, ku nemi wanda zai zauna da Nurmat-aka, ko mahaifiyata ce ku aika a ɗauko ta, za ta zo. Ku haye dutsen da ke kan hanyar Tashkent ku je, kada ku jira hanya ta gyaru.

Kyankyasan da kuka kwatanta su ne. Baƙaƙen nan uku, idan babu fari a kafaɗarsu ku zubar da su nesa da gida. Za ku fara ganin wasu abubuwa a ƙasan baho kamar ƙwayar jan wake, kada ku share, ƙwansu ne. Oydin ta ce in gaya muku hantsakin ciyarwa yana cikin aljihun tebur ɗinta, kuma Asal ba ta ci idan ana kallonta.

Ɗanku,
Mirzohid


Kokand, watan Maris

Mirzohid-jon,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Ban san ko takardar nan za ta same ka a can ba ko za ku yi saɓani a hanya. Mavluda ta yi ta neman wayarka ba ta shiga. Zan rubuta suna cikakke don kada ka yi shakka. Oydin, 'yar Nurmat, 'yata ta uku, ta rasu ranar Laraba da hantsi a asibiti. Mun kawo ta gida, tana kwance kusa da kakarta a maƙabartar unguwarmu.

Na bi maganarka. Mahaifiyarka ta zo ta zauna da Nurmat-aka, na haye dutsen cikin dusar ƙanƙara, na samu kwanaki tare da ita. Tana gane ni har ƙarshe. Ta gaya min kun yi magana, ta ce, "Ona-jon, an tambaye ni." Na ce me kika ce masa. Ta ce, "Na ja masa rai kaɗan, kada ya ga kamar jira nake." Ranar ta sha rabin kofin shayi, ta sa Mavluda ta ɗaura mata ɗankwali mai fure. Kada ka zo Tashkent, ka wuce gida.

Nurmat-aka ya gane tun kafin in faɗa, da ya ga mata suna shigowa. Ya juya fuska bango. Sai jiya ya karɓi miya daga hannun mahaifiyarka.

Cikin masu ta'aziyya wata ta leƙa ɗaki ta ga akwatin da bahon, ta ce, "Sanobar, yanzu ai sai ki fitar da waɗannan ƙazaman daga gidan makoki." Na ce mata gidana ne, ta sha shayinta. Ban ba malaman makaranta ba, ba kuma zan ba kowa ba. Duk yamma ina zaɓo masu daidai girma da hantsaki, in barbaɗa garin ɓawon ƙwai, in ba Anor, in sa wa Asal nata in juya baya. Jelarsu ta fara cika. Ƙwan nan masu kama da wake sun fashe, ƙasan bahon ya cika da 'ya'ya kamar ƙwayar gero.

Shekaranjiya Juma'a na ga Anor ya yi fari fat kamar an watsa masa toka. Zuwa la'asar fatar ta tsage, yana janta da baki yana haɗiyewa, har ta yatsun ƙafa. Na tsorata. Na ce bari in tambayi Oydin idan ta kira. Na ɗauki mayafi, na sa takalmi, sai da na kai ƙofar maƙwabta na ɗaga hannu zan buga sannan na tuna.

Don haka kai nake tambaya. Haka suke yi, ko wani abin na sake ɓatawa?

Taka,
Sanobar